Motoci Masu Sauƙin Kuɗi da Ya Kamata Mai Son Mota Ya Taɓa Riƙe Sitiyarinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mai hawa mota don ta kai shi inda za shi, akwai kuma wanda da ya ji ƙarar inji daga nesa sai ya waiga, ya faɗa maka irin motar tun kafin ta shawo kwana. Da mutum na biyun nake magana. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini a majalisa da bakin gareji, yawanci daga samarin da suka fara tara 'yan kuɗi, suna neman motar da za su ji daɗin tuƙinta, ba wadda za a yi musu kallon masu hali kawai ba.

Me ake nufi da sauƙin kuɗi, alhali yanzu kowace mota ta yi tsada?

Gaskiya ne, shi ya sa ba zan rubuta farashi ko ɗaya ba, don kuɗin da aka faɗa yau ba lallai ya kai watan gobe ba. Abu uku nake nufi a haɗe. Kuɗin sayenta kada ya fi ƙarfin ma'aikaci ko matsakaicin ɗan kasuwa. Kayan gyaranta a same su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in abin ya yi tsanani a aika Ladipo a Legas, ba sai an jira kaya daga Jamus ba. Sannan a sami bakaniken da ya san ta a garinku. Motar da ta cika sharaɗin farko ta faɗi a sauran biyun, ita ce ake cewa araha ba ta ado: ka saye ta da murna, bayan wata uku tana ƙofar gida a kan duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, abu na huɗu ya shigo, wato shan mai. Manyan motoci masu silinda takwas, irin su Lexus LS400 ta 1989 zuwa gaba, ana samun su da araha saboda masu su sun gaji da gidan mai. A hau su a ji laushinsu, amma a yi lissafi sosai kafin a saya.

In aka ce mota ɗaya tak za ka zaɓa, wacce ce?

Fijo 504, ba tare da dogon tunani ba.

An fara fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin zane na Pininfarina na Italiya ne ya tsara jikinta, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Amma a Afirka ta yi suna na haƙiƙa. A 1975 Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita, a shekarar nan kuma Hannu Mikkola ya ci ta Maroko da irinta. A wannan shekarar dai masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta. A zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar ofis ta manyan jami'an gwamnati. Wagon ɗinta mai jere uku ita ta riƙe tashoshin mota daga Sakkwato har Maiduguri, fikof ɗinta kuma, a-kori-kura, ita ta yi ta jigilar buhunan masara da barkono daga kasuwannin ƙauye.

Tarihi kenan. Abin da ya sa nake cewa a tuƙa ta daban ne. Ka shiga ka zauna, kujerar ta karɓe ka kamar katifar auduga. Sitiyarin faffaɗa ne, siriri, gilasai a ko'ina, kana ganin ƙarshen bonet da idonka. Ka sa giya ta uku ka hau hanyar burji mai gargada, irin wadda sabuwar mota ke sa haƙoranka su riƙa haɗuwa. Sai ka ji 504 tana lilo a hankali, tayoyin na hawa da sauka a ƙasa amma jikin motar bai damu ba. Dalili shi ne an ba ƙafafunta tazara mai tsawo ta motsi sama da ƙasa, sifirin ɗin masu laushi ne, cikinta ya yi nesa da ƙasa, sannan farfelar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ke kare ta. Kawuna yana da wata fara, da ita yake kai mu gida duk Sallah. Na tuna yadda yake ɗora hannu ɗaya a kan sitiyari yana hira, ƙura na tashi a bayanmu, kwanon furar da innarmu ta riƙe a cinya ko ɗigo bai zuba ba. Har yau ban hau motar da ta yi mini haka a kan burji ba.

Injinta mai lita biyu ne, da kafireta, babu kwamfuta a ciki. Duk tsohon bakanike ya san shi ciki da waje. Abin tsoro a 504 ta yau shi ne tsatsa a ƙasan kujeru da cikin but, da kuma gajiyar da shekaru na aikin haya suka bari. Wadda ta zauna a hannun tsohon ma'aikaci ita ake nema, kuma masu irinta ba sa son rabuwa da ita.

To 505 da 406 fa?

505 ta fito a 1979, kuma ita ce Fijo ta ƙarshe da tayoyin baya ke turawa. Ta fi 504 faɗi da natsuwa a kan kwalta. In ka samu mai lafiya kada ka raina.

406 kuwa, wadda ta fito a 1995 aka kuma haɗa ta a Kaduna, ita ce wadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya yau ya yi harkokinsa da ita kullum. Mai injin lita biyu da giyar hannu ita ce zaɓina. Tana da kwanciya a doguwar hanya, sitiyarinta na gaya maka abin da tayar gaba ke taka, kuma kayanta sun cika kasuwa. Rauninta wayoyin lantarki ne, musamman in mai gyaran wuta da bai san ta ba ya yi ta yanke-yanke yana haɗe-haɗe.

Volkswagen Beetle ba ta gudu, ba ta da sanyi, me mutum zai koya a cikinta?

Zai koyi yadda mota take kafin a lulluɓe ta da roba da waya. Injin yana baya, but yana gaba, babu lagireto sam, iska ce ke sanyaya shi ta wata fanka da bel ke juyawa. Mai injin 1200 ƙarfin doki 34 kawai gare ta. Da wannan ɗan ƙarfin dole ka koyi karanta hanya: ka hango hawa tun daga nesa ka tara gudu, ka san lokacin sauke giya, ka san ba a wuce tirela da gaggawa. Kuloci da birki daga ƙasa suke tasowa, ba rataye suke daga sama ba, don haka ƙafarka ma sai ta sake koyon taku. Ga kuma ƙarar nan tata da ba ta kama da ta kowa, wadda duk wanda ya tashi a shekarun 1970 da 1980 zai gane ta cikin barci.

An ƙera fiye da miliyan 21 da rabi, ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003. A Najeriya an haɗa ta a Ojo da ke Legas daga 1975, ta zama motar farko ta malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yawa. Ƙa'ida ɗaya ce ba a wasa da ita: in bel ɗin fanka ya tsinke, jan fitila ya kama, ka tsaya nan take. Minti kaɗan ya isa injin ya ƙone.

Marsandi ai motar masu kuɗi ce, yaya ta shigo nan?

Sabuwarta ce ta masu kuɗi. Tsofaffin guda uku da nake nufi sun sauko hannun talaka tuntuni, kuma su ne aka ƙera a lokacin da injiniyoyi ke da ta cewa a kamfanin fiye da masu lissafin riba.

Ta farko ita ce W123, mai lambobi irin su 200, 230E da 240D, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, kimanin guda miliyan 2.7. Masu tasi a Maroko sun yi shekaru da dama suna lodin mutum shida a cikinta. Mai injin dizal 200D ta farko ƙarfin doki 55 ne da ita, tafiyarta kamar ta raƙumi, amma ba ta san gajiya ba. Abin da za ka fara lura da shi shi ne ƙofa. Ka rufe ta ka ji wani sauti mai nauyi, kamar an rufe akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Birkin ajiyewa da ƙafa ake taka shi, makullan ƙofofi kuma da iskar da inji ke zuƙa suke aiki, shi ya sa in wani siririn tiyo ya fashe sai ka ga ƙofofi sun ƙi kulluwa, mai dizal ma ta ƙi mutuwa bayan an zare makulli.

Ta biyu ita ce 190, wadda ta fito a 1982. Ƙarama ce, amma a jikinta aka fara sa ƙafar baya mai hannuwa biyar a kowane gefe, tsarin da ya sa take riƙe kwana kamar an ɗaure ta da igiya. A 1984, ranar buɗe sabon filin tsere na Nürburgring a Jamus, an ba manyan direbobin duniya 190E iri ɗaya su fafata, wani matashi ɗan Brazil mai suna Ayrton Senna ya cinye. Ta kasuwa ba ta kai waccan ƙarfi ba, amma ƙashin bayan ɗaya ne.

Ta uku ita ce W124, wadda muke kira V-boot saboda yankan marfin but ɗinta. Tana da waifa ɗaya tilo da ke miƙewa yana lanƙwashewa don ya share kusurwoyin gilashi. A wurina ita ce ta fi kowace daɗin doguwar tafiya a duk motocin da na ambata: ka tashi daga Kaduna ka sauka a Jos bayanka bai yi ciwo ba. Mai 230E ta fi sauƙin riƙo, mai 300E mai silinda shida ta fi daɗi ta kuma fi shan mai. A kula da waɗanda aka yi a farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu, don robar da ta lulluɓe wayoyin injinsu tana bushewa ta farfashe, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta hakan. Ka buɗe bonet ka lanƙwasa waya ɗaya a hankali, in ta yi ɓaras ka san akwai aiki a gabanka.

Golf da muke gani a tasha an cika ta da fasinja da kaya, ita ma tana ciki?

Tana ciki, kuma wahalar da take sha a tasha ita ce shaidarta. Sai dai wadda nake so ka nema ita ce mai harafi uku a baya, GTI. Ta farko ta fito a 1976: injin lita 1.6 mai ƙarfin doki 110 a cikin jiki mai nauyin kilo 810 kacal, da jan layi zagaye da hancinta, da kan giya mai siffar ƙwallon golf. Ita ta nuna wa duniya cewa ƙaramar motar cefane za ta iya ba motocin tsere kunya. Golf 2 GTI mai bawul 16 ta kai doki 139, Golf 3 kuma ta zo da injin VR6 mai lita 2.8.

Samun GTI ta asali da ba a yi mata dashen inji ba yana da wuya, don da yawa alama kawai aka liƙa musu. Amma ko Golf 2 ko 3 ta gama-gari mai giyar hannu, in ka same ta ba kaya ba fasinja, ka bi da ita hanya mai kwana-kwana, za ka gane abin da rashin nauyi ke yi wa mota.

Ana cewa BMW rijiyar zuba kuɗi ce. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne. Wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi za ta cinye ka. Wadda aka kula da ita ba ta fi sauran motocin Jamus cin kuɗi ba, kuma abin da take bayarwa babu shi a wani wuri a wannan farashin.

Jerin 3 nake nufi: E30 ta 1982, E36 ta 1990, da E46 da ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1990. Ka nemi mai silinda shida a jere, irin 325i, 328i ko 330i. Injin silinda shida a layi ɗaya yana daidaita kansa da kansa, ba ya kakkarwa, in ka taka totur sai ka ji ƙarar na hawa sumul kamar ana jan zare. Tayoyin baya ke turawa, na gaba aikinsu juyawa kawai, nauyin motar kuma an raba shi kusan daidai tsakanin gaba da baya. Shi ya sa in ka shiga kwana sai ka ji motar tana juyawa daga ƙugunka. A unguwannin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu, E30 325i har suna suka ba ta, gusheshe, saboda ƙaunar da suke mata.

Inda take kashe mutane kuɗi shi ne ɓangaren ruwa. Tankin ruwa da wuyan lagireto da wasu mahaɗai na roba ne, shekaru da zafi na sa su tsage. Injin kuma ba ya yafe tafasa ko sau ɗaya. Wanda ya sayi E36 ko E46, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya canza famfon ruwa da tamostat (na'urar da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama) da tanki da tiyo gaba ɗaya da kaya janwe, tun kafin ya sayi sabbin wili. Kuma kada ka yarda bakanike ya cire maka tamostat ya jefar da sunan wai ƙasarmu da zafi. Cire shi na sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ci kansa a hankali.

Ba ka ambaci Honda da Toyota ba, ga su kuwa sun cika titi.

Honda tana da gurbi babba. A 1989 ta fito da injin VTEC mai lita 1.6 da ke ba da doki 160, wato doki ɗari a kowace lita ba tare da na'urar turbo mai cusa wa inji ƙarin iska ba. Dabarar ita ce in juyin injin ya kai wani mataki, sai bawul su koma buɗewa sosai, ƙarar ta canza, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Civic ta 1992 zuwa 2000 mai giyar hannu tana da giya mai daɗin shiga da ba a cika samun irinta ba. Accord kuwa kowace da sunan da 'yan kasuwa suka raɗa mata, daga Bulldog zuwa Baby Boy zuwa End of Discussion ta 2003. Wannan ta ƙarshen, mai silinda huɗu da lita 2.4, mota ce mai kyau ƙwarai. Abu ɗaya ne ba a sakaci da shi a Accord: boljoyin na ƙasa a ƙafar gaba, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar motar. Duk wanda ke bin titunanmu ya taɓa ganin wata a gefen hanya taya ta kwanta a ƙarƙashinta. Kayan jabu da ramuka ne ke jawo haka, a riƙa dubawa a kan lokaci.

Toyota kuwa ta hankali ce. Corolla tana nan tun 1966, a 2021 ta haura miliyan 50. Ka saye ta don iyali da kwanciyar rai. Wadda masu son tuƙi ke mafarki, AE86 ta 1983 zuwa 1987, ta daɗe da fita daga sahun masu araha.

Wace ce ba a cika gani a nan ba amma ta cancanci a neme ta?

Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata. An nuna ta karon farko a Chicago a watan Fabrairun 1989: kujera biyu, rufin da ake naɗewa da hannu ɗaya, injin lita 1.6, nauyi bai kai tan ɗaya ba, fitilun gaba suna ɗagowa kamar idon kwaɗo. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Injiniyoyin Japan da suka yi ta suna da wata kalma, jinba ittai, ma'ana doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa sukuwa a kan dokin da ya saba da shi, wanda kafin ka ja linzami ya riga ya san inda kake so, ya fahimci abin da suke nufi.

Ba ta da gudun a zo a gani, kuma nan ne darasin yake: kana tafiyar kilomita sittin amma jikinka na jin kamar kana ɗari da ashirin. Matsalarta a wurinmu a fili take. Cikinta na kusa da ƙasa, ramuka da tudun rage gudu za su wahalar da ita, rana da ƙurar hunturu ba sa raga wa rufin yadi, kayan jikinta kuma sai an yi oda. Wannan ta shiga sahun waɗanda za a tuƙa in dama ta samu, ba lallai a mallaka ba.

Mai son shiga daji da yashi fa?

Land Cruiser da Hilux su ne sarakai, har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ana kiransa yaƙin Toyota, amma ko tsofaffinsu ba su da araha. Wadda aljihu zai iya ɗauka ita ce Mitsubishi Pajero, musamman zubi na biyu da ya fito a 1991. Pajero ta ci gasar tseren motoci ta Dakar sau 12, gasar da a da take ratsa Agadez da hamadar Tenere. Ka rage iskar taya, ka sa giyar ƙarfi, ka bi yashin gulbi da rani, za ka ga inda mota ke iya shiga.

Giyar hannu ko otomatik?

Ga waɗannan motocin, giyar hannu. Ta fi sauƙin gyara, ta fi jure shekaru, in batir ya mutu a tura ta tashi, kuma rabin daɗin da nake ta bayani a tsakanin ƙafar hagu da hannun dama yake. Banda Marsandi W124, wadda otomatik ya dace da halinta. Wanda kullum yake cikin cunkoson Kano ko Abuja, ba laifi in ya zaɓi otomatik don gwiwarsa.

Me zan duba kafin in biya kuɗi?

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora tafin hannunka a kan injin ka tabbatar da sanyi yake. Wannan na koye shi da tsada. Na taɓa zuwa ganin wata mota wurin wani dillali da rana tsaka, na tarar an riga an ɗumama ta, tana aiki lafiya lau, ba hayaƙi ba ƙara. Na biya. Kwana uku bayan haka, a hanyar Zariya, allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe daga bonet. Da bakanikena ya buɗe, sai ga gasket ya daɗe da ƙonewa, an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an zuba baƙin mai mai kauri don a ɓoye ƙarar ƙarfe. Ya kalle ni ya ce, "Alhaji, da ka kira ni tun farko, da kuɗin shayi kawai za ka kashe." Abin ya yi mini ciwo, don kuɗin shekara biyu ne na tara.

Saboda haka ka tafi da bakanikenka, ba na mai mota ba. Ku kalli hayaƙin salansa a tashin farko: shuɗi alamar injin na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ku buɗe murfin baƙin mai, in kun ga wani abu kamar kindirmo a jikinsa ku yi sallama. Ku ɗaga kafet ku duba tsatsa da busasshen laka, don akwai motocin da ambaliya ta cinye a Amurka ake gyara fuskarsu a turo. Lambar shasi ta yi daidai da ta takardu, kuma a bincika ta a intanet in motar daga Amurka take. Kada ka yarda da abin da mitar kilomita ta nuna, ka dubi cinyewar robar birki da sitiyari da kujerar direba. Takardun kwastan kuma a tabbatar da su kafin kuɗi su bar hannunka.

Ana samun masu sitiyari a dama da araha, in saya a juya mini?

A'a. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Juyawar da ake yi a gareji ta ƙunshi yanke ƙarfe da walda a sandar sitiyari da bututun birki. Ranka da na iyalinka ne a kan wannan waldar.

Ba ni da halin saye ko ɗaya yanzu. Yaya zan yi in ɗanɗana?

Yawancin motocin nan ban mallake su ba, tuƙa su na yi. Ka saba da garejin da ake gyaran irin wadda kake so, don bakanike kan fita gwaji bayan gyara, in ya yarda da kai zai ɗauke ka, wata rana da izinin mai ita ya ba ka sitiyari. Ka kusanci dattawan unguwa masu tsohuwar Fijo ko Marsandi a rumfa. Ka gaishe su, ka ce, "Baba, wace shekara aka sayi wannan?" Za ka sha labari, kuma sau da yawa labarin kan ƙare da makulli a hannunka.

In an ba ka, ka je da lasisinka, ka zaɓi hanyar da ba jama'a da safiyar Asabar ko Lahadi, ka bar injin ya ɗumama kafin ka matsa masa. Wasan mota da ake yi a titi ranar ɗaurin aure, ana juyi ana ƙona taya a tsakiyar mutane, ya sa gidaje da yawa zaman makoki, kada ka kai motar amana wurin. Ka tuƙa ta yadda mai ita zai tuƙa, ka saurari injin, ka ji yadda take ɗaukar rami da kwana. In ka dawo ka zuba mata mai fiye da wanda ka ƙona, ka wanke ta, ka gaya masa duk wata ƙara da ka ji, sannan ka miƙa masa makullinsa hannu da hannu kafin magariba.